Mahadi Mai Faci Ya Fita Neman Wanda Zai Ceta

A Bungudu, bakin titin da ya miƙe Gusau, akwai wani mai faci da ake kira Mahadi. Faci kam ya iya daidai gwargwado, sai dai bakinsa ya fi hannunsa sauri. Idan ka kai masa tayar babur, kafin ya gano inda ƙusa ta shiga ya riga ya ba ka labarin ranar da ya ɗaga tirela da jak ɗin ƙaramar mota. Mutane sun saba, sai su ce, "Haka ne, Mahadi, amma dai tayar."

Wata rana 'yan unguwarsu mazauna Gusau suka haɗa kai suka kawo wa unguwa keke mai ƙafa uku, fari fat, an cire kujerar baya an kafa gado, ga jiniya a ka. Na kai marasa lafiya asibiti ne, da mata in naƙuda ta zo da gardama. Mai unguwa Alhaji Shehu ya zagaya keken, ya shafa gadon, ya yi addu'a, sannan ya jefa makullin cikin aljihun gaba.

Ya ce, "Makullin ga ba ni ba kowa shi sai wanda ya tahi Gusau ya koyo taimakon gaggawa, ya kuma nuna muna ya iya. Ran walimar makarantar magidanta, gaban masallaci, nan za a miƙa shi kowa na gani."

Mutum biyu suka ɗaga hannu: Anwar mai wankin hula, wanda in bai zama dole ba ba ya magana, da Mahadi, wanda tun kafin ya ɗaga hannun ya riga ya ga kansa cikin keken, jiniya na kuka, motoci na darewa.

"Ranka shi daɗe, a hutar da Anwar," in ji Mahadi. "Ɗan'adam da taya duk abu guda ne, iska ke riƙe da su. In ta fita a mayar. Ni ko aikina ke nan tun ban yi gemu ba."

Mai unguwa ya ce, "To tahi ka koyo ta inda ake mayarwa."

Ranar horon, Anwar ya isa ɗakin taron a Gusau tun da hantsi. Mahadi kuwa ya biya Tudun Wada wajen tela, don a ganinsa mai ceton rai ba ya shiga taro da rigar faci mai baƙin mai. Ya sa aka gyara masa riga ruwan ɗorawa mai ƙyalli, aka ɗinka masa MAI CETO a baya da manyan baƙaƙe. Yana can yana gardama da tela a kan girman baƙaƙen aka koyar da duk abin da ake yi da farko: a duba wurin ko akwai haɗari, a dafa kafaɗar mutum a kira shi, a kalli ƙirjinsa a kasa kunne a hancinsa, in yana numfashi a kwantar da shi a gefensa a kira agaji. Aka yi bayanin danne rauni da tsumma mai tsabta, da zuba wa ƙuna ruwan sanyi maimakon fasa mata ƙwai. Duk wannan ya wuce Mahadi.

Abin da ya tarar shi ne ma'aikaciyar jinya, Malama Zulai, durƙushe gaban mutum-mutumin roba, ta ɗora tafi bisa tafi a tsakiyar ƙirjinsa tana dannawa tana saki. Idon Mahadi ya yi haske. Famfo! Ashe famfo ne suka tara mutane a kansa. Tana cewa wa zai gwada, ya tsallake kujeru ya durƙusa, ya naɗe hannun riga, ya shiga dannawa kamar an kawo masa tayar tifa. Bai daɗe ba kan mutum-mutumin ya fice, ya gangara ƙarƙashin teburi.

Malama Zulai ta ce, "Malam, ka ƙarasa mana majinyacin."

"Ai dama ba shi da rai, Hajiya. Da mai rai ne da yanzu ya tashi ya yi mani godiya."

"To kafin ka taɓa ƙirjin mutum, me ake fara yi?"

"Bisimilla."

Ɗaki ya kwashe da dariya. Ta ce, "Bisimilla kam dole. Bayanta fa?"

"Bayan bisimilla ai sai aiki."

Ta ce ya nemi abokin tafiyarsa ya maimaita masa karatun safe. A mota Anwar ya buɗe baki zai fara, Mahadi ya ɗaga masa hannu. "Anwar, in hula ta suma zan neme ka."

A gida ya ajiye buhun dawa a tsakar gida ya hau shi da danni, har ɗinkin ya ɓalle, kaji suka yi biki. Matarsa Rabi'a na tsince dawar ya bayyana mata shirinsa.

"Anwar zai zo wa Mai unguwa da labarin abin da anka faɗa cikin aji. Ni kuwa da mutum zan zo, mai jini a jika, wanda na jawo daga bakin kabari. Shi tsaya gaban jama'a shi ce, wanga bawan Allah ne ya ceto ni. Ke faɗa mani, wa za a ba makulli?"

"To ina za ka samo shi? Kowa lafiya lau a unguwar."

"Ita ce matsalar garin ga. Ba a faɗuwa."

"Subhanallahi! Malam, yi istigfari."

Ya yi istigfarin, amma bai fasa sa ido ba. Maƙwabciyarsu Iya, tsohuwa mai sayar da daddawa, ta yi tari sau ɗaya a ƙofar gida, sai ga Mahadi da rigarsa mai ƙyalli. Ta nufi rijiya, yana biye. Ta dawo, yana biye.

"Iya, ko kina jin jiri?"

"A'a."

"Ƙirji fa? Ba nauyi?"

Ta juyo ta dube shi sama da ƙasa. "Mahadi, tun safe kake zagaya ni awa ungulu. Ban shirya ba tukuna. In na shirya ma ba kai zan aika wa ba."

Da ya ga Bungudu ta ƙi ba shi haɗin kai, sai ya rufe rumfar faci, ya zuba bandeji da safar hannu da guntun robar tub ɗin taya cikin tsohon gwangwanin fenti, ya nufi Gusau. Birni ne, ba za a rasa mai faɗuwa ba.

A tasha, bayan azahar, rana ta take, sai ya hango ƙafafu biyu sun leƙo daga ƙarƙashin wata bas. Ba motsi. Takalmi ɗaya ma ya zame. Zuciyar Mahadi ta buga don murna, ya ce alhamdu lillahi, sannan ya tuna ya gyara ya ce inna lillahi.

"A ba da wuri! A ba da wuri, mai ceto ya iso!"

Ba kowa a wurin da zai ba da wuri, amma ihun ya tara su. Ya kama ƙafafun ya fizgo. Wani ƙato ya fito, baki buɗe, hula a kan fuska. Mahadi ya yi bisimilla, ya haye ruwan cikinsa, ya danna.

Ƙaton ya yi wata ƙara kamar an taka akuya, ya wuntsilar da Mahadi gefe, ya miƙe zaune yana rarraba jajayen idanu. Wani direba ne mai suna Yari, wanda ya kwaso hanya tun asuba ya samu inuwar motarsa ya ɗan runtsa.

Mahadi ya tashi yana kakkaɓe riga, ya buɗe hannuwa ga jama'a. "Kun gani da idonku! Danni guda!"

"Ɓarawo ne?" in ji Yari, yana laluba aljihu.

"Kwantar da hankalinka, bawan Allah, suma ka yi. Yanzu za ka bi ni Bungudu ka shaida wa Mai unguwa."

"Suma? Ni? Barci nike, ɗan nema!"

"Haka duk wanda ya suma ka cewa. Mi ka tuna kafin ka farka?"

"Mafarki nike ana zuba mani fura!"

"To ka ji. Furar Aljanna ce. Saura kaɗan ka sha."

Yari ya rarumi sifana. 'Yan kamasho suka riƙe shi suna dariya har da hawaye, ɗaya na cewa a bar mai ceto ya ƙara masa danni ɗaya ko zai daina jayayya a kan lodi. Wani dattijo mai sayar da goro ya ja Mahadi bayan rumfa ya nuna masa ƙofar fita.

"Ɗana, ko gawa ce ai a kan kira sunanta tukuna. Ka kira mutum, in bai amsa ba sannan."

Mahadi ya tafi yana juya maganar. A kira tukuna. Lallai wannan ƙaramin gyara ne, kuma da ma yana da niyyar ƙirƙiro shi da kansa.

Ranar walima ta zo bai samu kowa ba. Rabi'a ta goge masa farar riga ta ce ya zauna a tafi masallaci tare da mutane, ya ce walima sai bayan la'asar, kuma yau kasuwar Tsafe ke ci, inda aka tara dubban mutane cikin rana ba za a rasa mai rabon ceto ba. Ya yi sammako, ya sauya mota a Gusau, ya sauka Tsafe.

Ya zaga 'yan hatsi, kowa garau. Ya zaga 'yan awaki, ya tsaya kusa da wani rago mai faɗa ko zai tunkuyi wani, ragon ya ƙi. A layin mahauta ya ga mai yankan nama ya ɗan yanke yatsa, ya ruga da robar tub zai ɗaure masa hannu tun daga kafaɗa, mutumin ya nuna masa wuƙa ya ce a nan ma akwai sauran wurin yanka. Rana ta fara karkata, hanyar Tsafe kuwa ba mai son yamma ta yi masa a kanta.

Ya juya zai nufi tasha ke nan, sai ga shi. Bayan wata rumfar barkono, wani tsoho ya kife, goshi a ƙasa, ba ya ko motsi. Buzun da ke ƙarƙashinsa ya yi kalar ƙasa, Mahadi kuma ba buzu yake nema ba. Tsohon nafila yake yi, ya tsawaita sujada yana kai wa Ubangijinsa kukansa.

Mahadi ya tuna darasin Gusau. Ya durƙusa ya dafa kafaɗa.

"Baba! Baba!"

Tsoho ya ci gaba da sujadarsa.

"Baba, in kana jina ka amsa!"

Tsohon, da yake mai salla ba ya magana, sai ya ɗaga murya kaɗan ya ce, "Subhanallah," don a gane a ƙyale shi.

"Ya fara salati! Jama'a, tafiya zai yi!"

"Subhanallah!" in ji tsohon da ƙarfi.

Mahadi ya sa hannu biyu ya birkice shi rigingine. Ƙafar tsohon ta daki kwandon barkono, kwandon ya kife, garin ya tashi. Nan take layin ya rikice da atishawa. Mai barkono na atishawa yana zagi, masu saye na atishawa suna gudu, Mahadi na atishawa yana laluben tsakiyar ƙirji, tsoho na atishawa yana dukansa da carbi.

Da ƙura ta lafa aka zaunar da tsohon, aka ba shi ruwa. Ya dubi Mahadi da idanu masu zubar hawaye.

"Yaro, mi na yi maka?"

"Na kira ka ba ka amsa ba, Baba."

"Da wa kake so in yi magana, da kai ko da Wanda nike gabanSa?"

Wani daga cikin taron ya ce, "Ku duba bayan rigarshi, wai mai ceto!"

Mai barkono ya ce, "Allah Shi cece mu da shi!"

Tsohon ya kama hannun Mahadi ya ɗora a ƙirjinsa. "Ji nan. Shina hawa shina sauka ko ba shi yi? Numfashi ake dubawa, yaro. Numfashi! Ko wanga ba a koya maka ba?"

"An koya, Baba. Gwada ka nike."

Sai da ya bar wa mai barkono gwangwaninsa da duk abin da ke ciki kafin aka sake shi. A mota, yana ta jan hanci, ya zauna ya warware maganar tsohon da ilimin faci. Numfashi ake dubawa. To don me? Ai a fili take: taya mai sauran iska ita ake yi wa famfo ta tashi, wadda ta fashe fata-fata kuwa sai a yar. Ke nan in ka ga mutum na numfashi, shi ne ya cancanci danni. Ya yi murmushi, ya tausaya wa Anwar da ya yini a aji bai kai ga wannan zurfin ba.

Ya sauka Bungudu la'asar ta wuce, hannu wofi, ido jawur. Gaban masallaci ya cika. An kafa rumfuna, maza a gaba, mata daga baya, ga keken can gefe an wanke shi yana walƙiya, ga Mai unguwa a kujerar gaba. Sai dai ba a jin hayaniyar walima. Kowa ya yi tsit ya miƙa wuya, muryar Liman kawai ke fita a lasifika, a hankali.

Abin da Mahadi bai sani ba, don bai taɓa leƙa makarantar ba, shi ne magidantan sun kammala babin jana'iza ne, Liman kuma ya ce ba za a tashi ba sai an nuna wa jama'a yadda ake yi wa mamaci sutura, a aikace, saboda masu iyawa suna ƙarewa. Aka nemi wanda zai kwanta, Mas'udu maƙeri ya ce shi ba ya tsoron likkafani. Aka shimfiɗe shi a tabarma, aka ɗaure masa haɓa da ƙyalle, aka haɗa manyan yatsun ƙafarsa aka ɗaure, aka fara naɗe shi. Liman ya gargaɗe shi kada ya motsa, kada ya yi dariya.

Mahadi ya taɓa wani a bayan taro. "Mi ya faru?"

Mutumin bai ko juyo ba. "Mas'udu ne Liman ka yi wa sutura. Yi shiru mu ji."

Mas'udu! Mutumin da suka gaisa jiya! Mahadi ya kutsa, yana ture kafaɗu, har ya iso gaba. Ga Mas'udu miƙe sambal cikin farin yadi, fuska kaɗai ta rage. Mahadi bai yi gaggawa ba, ya bi ƙa'ida tsaf yadda duniya ta koya masa.

"Mas'udu!" ya kira.

Mas'udu ya ji, amma an ce kada ya motsa.

Liman ya ɗago. "Mahadi, koma baya."

Mahadi ya zuba wa ƙirjin ido. Yadin ya ɗaga. Ya sauka. Ya sake ɗagawa.

"Shina numfashi!" Ihun ya shiga lasifika ya fita har bakin titi. "Jama'ar Annabi, za ku rufe mutum da ranshi! Shina numfashi!"

Liman ya ce, "To ai mun sani..."

"Kun sani? Kun sani kunka naɗe shi?"

Anwar ya taso da gudu yana cewa, "Mahadi, mai numfashi ba a danna mai ƙirji!" Ina, Mahadi ya riga ya yi bisimilla ya yi tsalle. Ya dira a kan maƙerin da gwiwa biyu, ya haɗa tafi, ya zuba duk fushin Gusau da na Tsafe a danni na farko.

Gawa ta ce, "Mmmmf!"

"Ya amsa! Ku matsa, ya amsa!"

A danni na biyu Mas'udu ya manta da gargaɗin Liman. Ya yunƙura ya watsar da Mahadi, ya miƙe tsaye cikin likkafani, haɓa a ɗaure, hannuwa a naɗe, yatsun ƙafa a haɗe. Ya so ya yi taku, ba hali, sai ya yi tsalle. Ya sake tsalle, yana gurnani, ya nufi Mahadi.

Na gaba sun san abin da ake ciki, dariya ta kayar da su daga kujeru. Na baya kuwa, da masu wucewa da ihun ya jawo, abin da suka gani shi ne gawa a tsaye tana tsalle. Wani mai lemo ya watsar da tire ya haye katanga. Iya ta zauna daɓas a ƙasa tana salati tana cewa ita dai ta yafe wa Mas'udu kowace daddawa. Liman ya manta makirfo na hannunsa, garin duka ya ji shi yana cewa, "Ku kama gawar! A'a, ku kama Mahadi!"

Mahadi na zagaya tabarma, gawa na binsa da tsalle, shi kuwa bai fasa waiwayen Mai unguwa ba. "Ranka shi daɗe, ka gani da idonka! Daga cikin likkafani na fiddo shi! Wa ya taɓa yin haka a jihar ga?"

A tsalle na gaba Mas'udu ya harɗe ya faɗi. Anwar ya tare kansa kafin ya bugu, ya kwance masa haɓa da yatsu, ya zaunar da shi, ya tambaye shi inda ke ciwo. Mas'udu ya dafe haƙarƙari, da ƙyar yake jan iska.

"Nan... kamar an sa mani guduma. Ku ba ni shi. Ku ba ni shi minti guda."

"Godiya zai yi," in ji Mahadi daga bayan Mai unguwa. "Ku bar shi shi huta tukuna."

Anwar ya ce haƙarƙarin na bukatar a duba shi a asibiti, kada a matsa wurin, kada kuma a kai shi ga mai ɗori. Mai unguwa ya share hawayen dariya da bakin rawani, ya sa hannu a aljihun gaba. Mahadi ya gyara tsayuwa, ya juya wa jama'a baya don su karanta rigar, ya miƙa tafi biyu.

Liman ya riga kowa magana. "Alhaji, kafin nan. Darasi bai ƙare ba, ko ɗaurin likkafani ba mu kai ba, ga shi an raunata muna gawa. Wa zai kwanta?"

Duk idanu suka juya wuri guda.

Mahadi ya ja da baya. "Allah gafarta Malam, ni ai ɓangaren masu rai nike."

Mai unguwa ya ce, "Kai ka tashe ta, kai za ka maye gurbinta. Kwanta."

Magidanta huɗu ba su jira ya gama shawara ba. Aka tuɓe masa riga mai ƙyalli, aka shimfiɗe shi a tabarmar, aka miƙe masa hannuwa.

"Ranka shi daɗe, maganar makulli dai, in an duba ƙwarewa..."

Liman ya ɗauki makirfo, muryarsa ta koma a hankali kamar ba abin da ya faru. "To jama'a, mu koma farko. Da zarar rai ya fita, a kan rufe wa mamaci ido, sannan a ɗaure mai haɓa don kada baki shi saki." Ya zagaya ƙyallen ƙarƙashin haɓar Mahadi, ya ɗaure a tsakiyar ka, ya ƙara ƙulli ɗaya wanda ba ya cikin littafi.

Daga nan Mahadi bai ƙara ganin komai ba, sai ji. Ya ji ƙarar makulli ta wuce ta saman fuskarsa daga hannun Mai unguwa zuwa wani hannun. Ya ji an ɗora Mas'udu a gado yana nishi. Ya ji keken ya tashi, jiniyar da ya kwana yana mafarkinta ta yi kuka, ta yi nisa, ta ɓace a hanyar asibiti. Ya yunƙura zai ce ko ba komai shi ya samo wa keken fasinjan farko, abin da ya fito kawai shi ne, "Mmmf."

"Gawa ba ta magana," in ji Liman, ya ja yadi ya rufe.

Aka yi darasi lafiya har ƙarshe, mutane suka ce ba su taɓa fahimtar babin ba kamar yau. Da aka shafa fatiha, Liman ya sunkuya zai kwance shi, sai wata murya ta taso daga ɓangaren mata, cikin ladabi. Rabi'a ce.

"Allah gafarta Malam, a kwance mai ƙafafun shi samu na takowa gida. Na haɓar kuwa a bar mani shi haka nan, ni kwance da kaina bayan isha'i."